Tallafin Tashoshin Cajin Mota: An Biya Mai Kafawa, Wa Zai Biya Mai Gyara?

A farkon shekarar 2022 wasu masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun yi wani aiki da ba ya buƙatar digiri. Sun ɗauki motoci masu amfani da lantarki, suka bi tashoshin caji mai sauri guda 181 da ke yankin San Faransisko ɗaya bayan ɗaya, suna jona kowane bakin caji a jikin mota su ga ko zai ba da wuta na minti biyu kacal. Bakuna 657 suka gwada. Kashi 72.5 cikin ɗari ne suka yi aiki. Sauran kuwa, wani allonsa ya daskare, wani ya ƙi karɓar kati, wani netwok ya yanke masa, wani kansa ya karye, wani kuma kebul ɗin ne ya gajarta bai kai jikin motar ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, a daidai wannan lokacin kamfanonin da ke da na'urorin suna cewa kayansu na aiki kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na lokaci.

Kalifoniya fa ake magana. Jihar da ta fi kowace jiha a Amurka yawan motocin lantarki, wadda ta daɗe tana zuba kuɗin jama'a wajen kafa irin waɗannan na'urori. Idan a can direba zai yi tafiyar kilomita talatin da ɗan guntun batir ya iso ya tarar da na'ura ɗaya cikin huɗu ba ta ba da wuta, to akwai abin da ya karkace tun daga yadda ake biyan kuɗin.

Ni ba ni da motar lantarki, ko ta fetur ɗin ma ba ni da ita. Sana'ata rubuta manhaja, kuma da kaina na koya, daga waya zuwa wata tsohuwar laftof ta hannu da batirinta ba ya kai awa ɗaya. Amma wannan batu ya shafi sana'ata fiye da yadda mutane ke zato. Ra'ayina a taƙaice: ina goyon bayan gwamnati ta tallafa wa kafa tashoshin caji, sai dai mafi yawan tallafin da ake bayarwa ana biyan sa ne a ranar da ba ta dace ba. Ana biya ranar da aka dasa na'ura. Kamata ya yi kaso mai tsoka ya jira sai na'urar ta tabbatar, wata bayan wata, cewa wuta na fita daga cikinta tana shiga batirin mutane.

Na'urar caji kwamfuta ce mai kebul

Mai karatu da bai taɓa leƙa cikin lamarin ba zai ɗauka na'urar caji soket ce babba. Ba haka ba ne. Na'urar caji mai sauri kwamfuta ce cikakkiya da aka ajiye a rana da ruwan sama. Tana da allo, tana da na'urar karanta kati, tana da layin waya a cikinta da take shiga intanet da shi, tana da fanka ko ruwan sanyaya kebul, sannan ga sashen da ke juya wutar gari zuwa irin wadda batir ke sha kai tsaye. Kafin ɗigon wuta ya fita, sai ta yi magana da motar sun fahimci juna, sai ta yi magana da uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke can wani wuri, sai ita ma uwar garken ta yi magana da banki. Ɗaya daga cikin waɗannan ya yi shiru, shi ke nan, direba ya tsaya yana kallon akwatin ƙarfe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai POS yana jin “ba netwok” alhali kuɗinsa na cikin asusu ya san irin wannan takaicin. Bambancin shi ne a gaban mai POS za ka iya tsallaka titi ka nemi wani. A babbar hanya da batir kashi takwas babu inda za ka.

Harshen da yawancin na'urorin ke magana da uwar garke da shi sunansa OCPP. A ƙasar Holan aka fara shi, kuma buɗaɗɗe ne, kowa na iya sauke bayaninsa ya karanta kyauta. Na taɓa kashe ƙarshen mako guda ina wasa da shi, na haɗa na'urar ƙarya a laftof ɗina tana aika saƙo ga wata uwar garke da na kafa. A cikinsa akwai wani ɗan saƙo da suke kira bugun zuciya, wanda na'ura ke aikawa lokaci-lokaci don ta ce “ina raye”. Akwai wani kuma da take cewa “babu kowa a kaina, a shirye nake”. To a nan gizo ke saƙar. Na'urata ta ƙarya, wadda ba ta da kebul ko ɗaya balle wuta, ta kwana biyu tana cewa tana raye kuma a shirye take, allon uwar garken kuwa kore shar. Haka na'urar gaske da ɓarayi suka yanke wa kebul, ko wadda ramin katinta ya toshe da ƙura, za ta iya ci gaba da rantsuwa cewa lafiyarta lau. Ina kyautata zaton wani ɓangare na ratar da ke tsakanin kashi 98 na kamfani da kashi 72.5 na masu bincike daga nan ya fito. Ba lallai sai wani ya yi ƙarya ba. Tambayar da aka yi wa kwamfutar ce ba ita ce tambayar direba ba.

Sannan kwamfuta tana tsufa ta hanyar da ƙarfe ba ya yi. A shekarar 2022 manyan kamfanonin sadarwar Amurka suka kashe netwok ɗinsu na 3G ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin na'urorin caji masu layin 3G a ciki suka wayi gari kurame, sai an bi su an sauya musu kayan sadarwa, kuma wannan kuɗi ne da ba ya cikin lissafin ranar kafawa. Wanda ya fi wannan muni ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da kamfanin Enel X Way ya sanar da cewa zai rufe harkarsa a Amurka da Kanada cikin 'yan kwanaki. Shi ke da na'urar JuiceBox, wadda kamfanonin wuta da dama suka riƙa ba kwastomominsu rangwame don su saya. Sanarwar ta ce na'urorin gida za su ci gaba da ba da wuta amma manhajar waya za ta tafi, na kasuwanci kuwa za su rasa aikinsu idan babu manhajar. Sai da ƙorafi ya yi yawa aka tsawaita wa'adin. Ƙarfen lafiya lau, wayoyin wuta lafiya lau, an biya rangwame tuntuni, amma rayuwar na'urar tana hannun wata kwamfuta da kamfani ya gaji da biyan hayarta.

Wannan na san shi a jikina. Shekara uku da suka wuce na rubuta wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa manhajar ajiye lissafin adashi, wata ƙungiyar agaji ce ta biya. Ranar da na miƙa aiki aka sallame ni, aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka ci shinkafa. Ba a ware ko sisi na hayar uwar garke ta shekara ta biyu ba. Na biya wata uku daga aljihuna, daga nan na gaza. A rahoton masu ba da kuɗin, ina da yaƙinin har yau aikin yana cikin jerin nasarori.

Biliyan bakwai da rabi, tasha takwas

Babban misali a wannan fanni shi ne na gwamnatin tarayyar Amurka. A watan Nuwamban 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar gina ababen more rayuwa, wadda ta ware dala biliyan 7.5 don tashoshin caji. Biliyan 5 daga ciki na wani shiri ne mai suna NEVI, wanda ake raba wa jihohi cikin shekara biyar don su jera tashoshi a manyan hanyoyi, gwamnatin tarayya ta ɗauki har kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kowane aiki. Tasha ta farko ba ta buɗe ba sai Disambar 2023, a wani wurin tsayawar manyan motoci a jihar Ohio. A watan Mayun 2024 wata 'yar jaridar tashar CBS ta tsare ministan sufuri Pete Buttigieg da tambayar me ya sa tasha bakwai ko takwas kawai aka gama, kuma guntun bidiyon ya zagaye Facebook da X. Zuwa Afrilun 2025, a ƙididdigar ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati a madadin majalisa, bakunan caji 384 ne ke aiki a tashoshi 68.

Na ga wannan labarin har a zaurukan WhatsApp namu, ana cewa ashe su ma Turawa sun iya cin kuɗin kwangila. Gaskiyar ba haka take ba. Ba a kashe biliyan bakwai da rabi a kan tasha takwas ba. Tsarin na biya bayan aiki ne: jiha da ɗan kwangila su kashe, sannan su kawo takardu a mayar musu. A lokacin, mafi yawan kuɗin yana nan ba a taɓa ba. Laifin shirin jan ƙafa ne, kuma jan ƙafar yana da dalilai. Ma'aikatun sufurin jihohi sun san kwalta da gada, yawancinsu ba su taɓa ba da kwangilar na'urar caji ba. Ƙa'idojin ƙarshe ba su fito ba sai Fabrairun 2023. An ce sai a Amurka za a harhaɗa na'urorin. Uwa uba, wuta. An shardanta kowace tasha ta kasance da baki huɗu aƙalla, kowane baki ya iya ba da kilowat 150 a lokaci guda da 'yan uwansa. Kilowat 600 ke nan. Taransifomar unguwa a wurinmu yawanci 300 ce ko 500. Wato tasha ɗaya ta fi unguwa guda cin wuta, kuma jiran kamfanin wuta ya ja layi ya kawo taransifoma yakan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara.

Daga baya siyasa ta shigo. A Fabrairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da shirin, jihohi suka kai ƙara, a watan Yuni wata mai shari'a a Seattle ta ba da umarnin a saki kuɗin wasu jihohi 14, a watan Agusta ma'aikatar sufuri ta fito da sabbin ƙa'idoji masu sassauci aka ci gaba. Ba wannan ne ya dame ni ba, sai dai duk ɗan kwangilar da ya ga an kunna an kashe cikin wata shida zai ƙara kuɗi a farashinsa na gaba.

Abin da nake so mu duba shi ne, wannan shirin da aka fi yi wa dariya shi ne wanda ya fi kusa da yin abin da ya dace. Masu rubuta ƙa'idojinsa sun koyi darasi daga gawarwakin na'urorin da suka gabata. Sun ce kowane bakin caji sai ya yi aiki fiye da kashi 97 cikin ɗari na lokaci a shekara. Sun ce sai an kula da tasha aƙalla shekara biyar, kuma an yarda a kashe kuɗin tallafin a kan wannan kulawar. Sun ce sai direba ya iya biya da katin banki ba tare da ya zama mamba ko ya sauke wata manhaja ba. Sun ce sai na'ura ta yi magana da OCPP, kuma, wannan ne sharaɗin da na fi ƙauna, sai an ƙera ta yadda za a iya sauya mata kamfanin netwok ba tare da an taɓa ƙarfenta ba. Da JuiceBox ta kasance ƙarƙashin irin wannan sharaɗi tun farko, da rufe kamfanin ya zama ƙaramin ciwon kai: a sauya adireshin uwar garke a ci gaba. Sun kuma ce sai an buɗe bayanan tasha kyauta ga masu rubuta manhaja irina, inda take, nawa ne farashi, wane baki ne a sake yanzu.

Duk da haka akwai ɓaraka. Kashi 97 na nufin baki zai iya mutuwa kusan kwana 11 a shekara bai karya doka ba, wannan ba laifi. Matsalar tana wajen abin da aka cire daga lissafi: lokacin da kamfanin wuta ya ɗauke wuta, lokacin gyaran da aka tsara, ɓarnar ɓata-gari, bala'in yanayi, da kuma duk matsalar da aka ce daga motar take. Wa ke yanke hukuncin cewa daga motar take? Wanda ake aunawa. Wa ke kawo alƙaluman? Shi dai. A Birtaniya dokar 2023 ta ɗaga ma'aunin zuwa kashi 99 ga na'urori masu sauri, amma a can matsakaicin dukkan na'urorin kamfani ake ɗauka. Kamfani mai na'ura dubu zai iya barin guda biyar a wani ƙauye su mutu shekara cur, alƙalumansa su fito tsaf.

Kuma mun riga mun ga farashin rashin kulawa. A Janairun 2024 gwamnatin Amurka ta raba kusan dala miliyan 150 don gyara ko sauya bakunan caji kusan 4,500 da suka lalace. Tallafi ke nan na biyu, don tayar da abin da ya kamata a ce yana raye.

Kafin in faɗi abin da nake ganin ya fi, bari in taɓo ɗaya nau'in tallafin, wato rangwamen na'urar gida. A Amurka an samar da ragin haraji na kashi 30 cikin ɗari, har dala 1,000, ga wanda ya kafa na'ura a gidansa a yankunan karkara ko na masu ƙaramin ƙarfi, kodayake dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta yanke wa'adinsa zuwa ƙarshen Yunin 2026. Jamus ta yi wanda ya fi wannan ban mamaki. Ranar 26 ga Satumban 2023 bankin raya ƙasa na KfW ya buɗe shirin ba da har Yuro 10,200 ga magidancin da zai haɗa sola, batirin gida da na'urar caji. Yuro miliyan 300 aka ware. Shafin ya yi ta sarƙewa saboda cunkoso, kuma cikin kwana ɗaya kuɗin ya ƙare a hannun mutum kusan 33,000. Sharaɗin shiga: ka mallaki gidan da kake ciki, ka mallaki motar lantarki ko ka riga ka yi odarta. Wato an tara harajin kowa, har da ɗan haya mai hawa bas, an miƙa wa wanda ke da gida da mota da saurin yatsa. Mai gida da gareji ai shi ne wanda ya fi kowa sauƙin caji tun asali, ya jona da dare ya kwanta. Birtaniya ta gane haka, a Afrilun 2022 ta cire masu gidan kansu daga tallafinta na fam 350 ta karkata shi ga 'yan haya da mazauna gidajen bene na haɗaka. Wannan gyaran ya yi min daidai, ba kuma zan tsawaita a kansa ba.

Yadda zan raba kuɗin da ni ne

Kashi na farko, wanda ya kamata a biya tun kafin a fara, shi ne na wuta: layi, taransifoma, haƙa rami, bututu da wayoyi har zuwa gindin inda za a dasa na'ura. Wannan ne mafi wahala ga ƙaramin ɗan kasuwa, kuma shi ne abin da ba ya mutuwa idan kamfani ya mutu. Na'ura za ta tsufa cikin 'yan shekaru a sauya ta, wayar tagulla da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa tana nan. Jihar New York ta bi wannan hanya a 2020, inda ta amince da dala miliyan 701 don kamfanonin wuta su shirya wurare irin haka.

Kashi na biyu kada a biya shi a dunƙule. A raba shi wata uku-uku na tsawon shekara biyar ko fiye, kuma a auna shi da tambayar direba: cikin mutanen da suka jona mota, nawa ne wuta ta shiga batirinsu a gwajin farko? Wannan lissafi ne da ke cikin bayanan na'ura tuni, kowane yunƙuri yana barin sawu. A buɗe waɗannan bayanan ga jama'a baki-baki, ba a dunƙule da sunan kamfani ba, yadda yaro mai laftof zai iya zana taswirar matattun na'urori ya saka a intanet. Sannan, tunda akwai lalacewar da ba ta barin sawu, kamar allon da ya mutu har direba bai ma iya farawa ba, a tura masu gwaji da mota ba tare da sanarwa ba, irin yadda jami'ai ke shiga gidan mai da gwangwanin awo su ga ko lita ta cika lita. Masu binciken Berkeley sun nuna aikin ba shi da tsada. Wasu jihohin Amurka sun fara riƙe wani ɓangare na kuɗin ɗan kwangila sai ya cika ma'aunin aiki, kuma hanyar ke nan.

Akwai suka biyu da nake ɗauka da muhimmanci. Ta farko: idan aka biya bisa yawan wutar da aka sayar, kowa zai ruga cikin gari inda motoci suke, a bar hanyar daji, alhali can ne kasuwa ba za ta gina da kanta ba kuma can ne tallafi ya fi amfani. Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a biya bisa yawa ba, na ce bisa kason nasara. Tashar da mota uku ke zuwa a rana, idan ukun sun samu wuta, ta ci cikakken kuɗinta.

Suka ta biyu ta fi zafi: me ya sa gwamnati za ta sa hannu gaba ɗaya? Tesla ta fara kafa tashoshinta na Supercharger a 2012 da guda shida a Kalifoniya, mafi yawa da kuɗinta ta faɗaɗa su, kuma direbobi sun shaida sun fi na kowa aminci. Haka ne, kuma dalilin a bayyane yake ga duk mai rubuta manhaja. Motar tata ce, na'urar tata ce, manhajar tata ce, kuma duk na'urar da ta mutu tana rage mata cinikin mota. Tana da dalilin gyarawa a cikin aljihunta. Kamfanin da ya karɓi kashi 80 na kuɗin kafawa, a wurin da cinikin wata bai kai kuɗin turo makaniki ba, ba shi da wannan dalili sai an ƙirƙira masa. Kar kuma a manta, shekara goma wannan shingen a rufe yake ga motocin wasu a Amurka. A Fabrairun 2023 aka sanar Tesla za ta buɗe bakuna 7,500 ga kowa, a daidai lokacin da ya tabbata cewa kuɗin tarayya na tashar da ke karɓar kowace mota ne kawai. Watanni kaɗan bayan haka Ford da General Motors suka rungumi irin bakin cajinta. Ba zan ce tallafi kaɗai ya jawo wannan ba, amma sharaɗinsa ya tura ƙofar.

Me ya haɗa mu da wannan? Mun riga mun shiga layin. A Afrilun 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi suna wajen zana mota a General Motors, ta ƙaddamar da tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, gwamnatin Borno ta fito da tasi masu lantarki a Maiduguri, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki. Ranar da wata jiha ko ma'aikata za ta sanar da tallafin kafa tashoshin caji ba ta da nisa, kuma na san al'adarmu: za a ɗauko takardar wata ƙasa a sauya suna. Idan aka kwafo ta Amurka yadda take, layin nan da ya ce ba a lissafa lokacin ɗaukewar wuta zai cinye dokar gaba ɗaya. A can ɗaukewar wuta labari ne, a nan ko masu layin Band A awa 20 aka yi musu alkawari a rana. Tasha za ta iya yini a mace ta samu maki ɗari bisa ɗari. A wurinmu dole wannan uzurin ya fita, wanda ke nufin duk mai neman tallafi ya zo da sola da batirin ajiya cikin lissafinsa tun farko.

Haka ma maganar baki huɗu masu kilowat 150. Wanda zai fi cin moriyar lantarki a Kano ko Kaduna ɗan adaidaita ne da ɗan acaɓa, mutanen da fetur ke cinye kaso mai tsoka na cinikinsu, kuma abin da suke buƙata shi ne wurin da za su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin minti biyu, irin abin da kamfanoni kamar Spiro da Ampersand ke yi wa 'yan babur a Ruwanda da Kenya. Kuɗin tasha ɗaya irin ta babbar hanyar Ohio zai kafa irin waɗannan rumfunan da yawa. Amma su ma kwamfutoci ne, su ma suna da uwar garke, kuma a nan haɗarin ɗaure mutum ya fi girma, domin batirin wannan kamfani ba ya shiga babur ɗin wancan. Idan kuɗin jama'a zai shiga, a rubuta a takardar kwangila abin da zai faru da mai babur ranar da kamfanin ya tattara ya tafi. A kuma rubuta cewa na'ura ta iya sallamar mutum ko babu netwok, ta riƙe lissafi a cikinta ta aika daga baya. OCPP ya tanadi haka tuntuni, akwai jerin sunayen amintattun kwastomomi da na'ura ke iya ajiyewa a ƙwaƙwalwarta don irin wannan rana. Ba a cika kunna shi ba ne kawai, domin wanda ya biya kuɗin kafawa bai tambaya ba.

Duk unguwar da ta taɓa samun rijiyar burtsatse mai sola daga ɗan majalisa ta san sauran labarin: allon da ke ɗauke da sunansa yana nan da fentinsa, famfon kuwa tun damina ta biyu wani ɗan ƙaramin abu ya ƙone a ciki, ba wanda ke da lambar mai gyara. A kwangilar da nake karɓa yanzu, komai ƙanƙantarta, ina raba farashi gida biyu a rubuce, kuɗin ginawa da kuɗin riƙewa na shekara biyu, kuma ina cewa a biya ni na biyun duk wata uku bayan an duba manhajar na aiki. Mutum biyu sun fasa ba ni aiki saboda haka, ɗayansu ya ce wayo nake so in yi masa.